Hular Kwano Da Ran Malami: Maganar Da Ta Cancanci Shiga Ajandar Ƙungiya

Ya ku 'yan'uwa malamai da iyalanmu, duk wanda ya saba halartar taron reshe ya san maganganun da ke cinye mana lokaci. Albashi ne, da ƙarin girma, da kuɗin hutu, da haƙƙin dattawanmu da suka ajiye aiki. Babu ɗaya daga cikinsu da za a raina. Sai dai akwai wata magana da ba ta samun shiga sai a ƙarshen zama, a sashen jaje da ta'aziyya, lokacin da sakatare zai karanto sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da waɗanda ke kwance, a yi addu'a, a haɗa ɗan abin da ya samu a kai wa iyali. Idan muka tsaya muka tambayi abin da ya kwantar da su, sau da yawa amsar guda ce: babur ne ya kayar da shi a hanyar makaranta, ko mota ce ta buge shi yana dawowa daga sakatariya.

Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za mu ɗauke wannan magana daga sashen ta'aziyya mu kai ta sashen buƙatu. Lafiyar malami a kan hanya sha'anin aiki ce, kamar yadda alli da allo suke sha'anin aiki. Ƙungiyar da ke fafutukar abin da zai shiga aljihun mamba, wajibi ne ta damu da ko mamban zai kai ƙarshen wata da ransa da ƙafafunsa.

Yadda babur ya zama ƙafar malami

Yankinmu na arewacin Kano ƙasa ce mai cike da jama'a. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Bagwai da Shanono zuwa Tsanyawa da Kunchi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, da wuya ka yi tafiyar kilomita biyu ba ka tarar da ƙauye ko unguwa ba, kuma kusan kowace tana da makarantarta. Gona na manne da gona, hanyoyin da suka haɗa ƙauyukan kuwa galibi burji ne ko turbar da ta ratsa tsakanin shinge da shinge. Mota ba ta bin su kullum, wasu ma ba ta bin su sam. Malamin da aka tura irin wannan makaranta, in yana son ya isa kafin a kaɗa ƙararrawa, to ko dai ya hau nasa babur, ko ya hau na ɗan acaɓa.

Abubuwa biyu sun ƙara wa babur yawa a hanyoyinmu. Na farko, a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni da kewayensa. Wasu 'yan acaɓa suka koma tuƙa A Daidaita Sahu, wasu kuwa suka tattaro baburansu suka dawo karkara, inda sana'ar ba ta tsaya ba. Na biyu, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Malamai da dama da suke da 'yar mota sun jingine ta, sun koma kan Boxer ko roba-roba, domin lita ɗaya tana kai mutum inda mota ba za ta kai shi da lita uku ba.

Saboda haka duk wanda zai ce mana mafita ita ce a bar hawa babur, bai san ƙasar nan ba. Babur ne ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ke kai taki gona, shi ke kai malami aji. Ba za mu rabu da shi ba. Abin da ya rage mana shi ne mu san inda haɗarinsa yake, mu rage shi gwargwadon iko.

Inda haɗarin yake

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗuran hanya, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa ita ce mai ƙarancin ababen hawa. Hukumar ta ce haɗarin hanya shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. A duba waɗannan shekaru da kyau. Su ne shekarun ɗalibanmu tun daga aji ɗaya na firamare, su ne kuma shekarun sababbin malaman da suka fito daga kwalejin ilimi.

Haɗarin da ke hanyoyinmu iri biyu ne. Akwai na manyan tituna, wato titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa Dawanau da Bichi da Tsanyawa, da titin Kano zuwa Daura da ya bi ta Ɗambatta. A nan mai babur yana raba kwalta da tirela da tifa da motocin haya masu gudu kamar za su tashi sama. Wurin da ya fi kowane muni shi ne mahaɗa, inda burji ya faɗo kan kwalta. Mutum ya taho daga ƙauye, hanya tasa ce shi kaɗai, sai ya hau titi ba tare da ya tsaya ya dubi dama da hagu ba. Babbar mota mai ɗauke da buhunan hatsi daga kasuwar Dawanau ba ta tsayawa nan take ko da direbanta ya taka birki iya ƙarfinsa. Akwai kuma wuraren da direban tirela ba ya ganin abin da ke gefensa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba.

Sai kuma haɗarin hanyoyin ƙauye, wanda ke sauya kama da sauyin yanayi. Da damina gero da dawa suna tashi su rufe kwana, ba ka ganin mai tahowa sai kun yi kiciɓis. Ruwa yana cin gefen hanya, ya cika rami ya ɓoye zurfinsa. Da kaka amalanken shanu da jakuna masu ɗauke da kara da harawa suna cika hanya, ga hatsi da wake da ake shanyawa a bakin kwalta. Da hunturu hazo yana rage gani, sanyin asuba yana sa mutum ya naɗe fuska da rawani har ya toshe kunnuwansa. Da rani kuwa rairayi ne ke kwashe tayar gaba, ga amalanken taki da ke tafiya da magariba babu fitila ko ɗaya. A kowane lokaci kuma akwai akuya, akwai kaza, akwai yaro ƙarami da zai fito da gudu daga zaure ba tare da ya waiwaya ba.

Lissafin gudu

Tunda mu malamai ne, bari mu yi ɗan lissafi irin wanda muke koyarwa. Babur mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta taka birki, aƙalla daƙiƙa guda ta wuce. Wato ka riga ka ci mita 17 birki bai fara aiki ba.

Ƙarfin karo kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi. Wanda ya yi karo yana gudun kilomita 30 a sa'a, kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita uku da rabi ne, misalin saman soro. Wanda ya yi karo yana gudun 60, kamar wanda ya faɗa busasshiyar rijiya mai zurfin mita 14 ne, kusan gaba takwas. Babu mai hankalin da zai tsaya a bakin irin wannan rijiya yana wasa, amma kullum muna murɗa totur mu kai wannan gudu da yaro a gabanmu.

To, me ake samu a madadin wannan kasada? Malamin da ke tafiyar kilomita 10 zuwa makaranta, in ya tafi da gudun 40 zai isa cikin minti 15, in ya tafi da gudun 60 zai isa cikin minti 10. Minti biyar ke nan. A kan minti biyar ake sayar da ƙafa, a kan minti biyar ake barin marayu. Magabata sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda ya fito daga gida minti goma kafin lokacin da ya saba, ya sayi lafiyarsa da araha.

Hular kwano da tarihinta a Kano

Karayar ƙafa ko hannu tana warkewa, ko da za ta bar ɗingishi. Abin da ya fi kashe mai babur shi ne bugun kai. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya daki kwalta ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsaya ba, sai ta bugi ƙashi daga ciki, jijiyoyi su tsinke, jini ya taru. Aikin hular kwano shi ne ta karɓi wannan duka. Ɓawonta na waje yana baza ƙarfin bugun, farin soso mai tauri da ke cikinta kuma yana lotsawa, ya sassauta tsayawar kan. Binciken da masana suka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa hular kwano tana rage yiwuwar mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, tana rage raunin kai da kimanin kashi 69 cikin ɗari. Da a ce wani magani ne a kemis yake da irin wannan tasiri, da an yi layi a kansa.

Mun san yadda ta kaya a nan. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano daga ranar 1 ga Janairun 2009. Abin da ya biyo baya har kafofin labarai na ƙetare sai da suka ɗauka: a Kano an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, wasu sun sa robar fenti. An yi dariya, an kama babura, bayan 'yan watanni magana ta bi ruwa. Dalilin faɗuwar dokar ba ɓoyayye ba ne. An zo da ita ta hanyar kame da tara, farashin hula ya yi tashin gwauron zabo, kuma ba a zauna da jama'a an bayyana musu amfaninta ba. Mutane suka ɗauke ta a matsayin abin da ake sa wa don jami'i, ba don kai ba.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya sun ci nasara. Biyetnam, ƙasar da babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, kuma ƙasa mai zafi da gumi, ta ɗauki lokaci tana wayar da kai da samar da hula mai sauƙin kuɗi, sannan ta fara aiki da dokarta a watan Disamban 2007. Cikin ɗan lokaci fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu hawa suka rungume ta. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, ɗan acaɓa yana yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja, kuma ba ya tashi sai an sa. Su ma mutane ne kamar mu.

Na san uzurorin da ake kawowa, kuma ba duka ne na banza ba. Ana cewa akwai zafi. Gaskiya ne, a watan Afrilu kai yana dahuwa. Amma akwai hula mai buɗaɗɗiyar fuska da ƙofofin iska, fara ko mai haske, kuma tafiyar malami ba ta cika wuce rabin sa'a ba. Ana cewa ba ta dace da babbar riga da zanna bukar ba. To, a sa hular a jaka, in an isa a fito da ita a kafa. Mutunci ba ya zubewa don an ga malami da hular kwano, a gadon asibiti ne mutum ke rasa sirrinsa. Ana ƙyamar hular da kowa ke sawa saboda cututtukan fata, wasu ma suna tsoron sammu. Maganin wannan shi ne kowa ya mallaki tasa. Ana cewa tsada. Wannan shi ne uzuri mafi ƙarfi, kuma a nan ne ƙungiya take da rawar takawa, kamar yadda zan zo a kai.

Sai dai a kula, ba kowace hula ce hula ba. Hular leburorin gini ba a yi ta don babur ba. Wadda babu farin soson nan mai tauri a cikinta, kwalliya ce kawai. Wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita ce ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan mummunan bugu kuma ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a jikinta ba.

Tsautsayi da tawakkali

Akwai maganar da ke rufe bakin kowa a wurin zaman makoki: kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, kuma wannan magana tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma wurinta bayan aukuwar abu ne. Wanda ya riƙe ta tun kafin ya hau babur, ya mai da ita hujjar tafiya babu birki babu fitila, ya sa ta inda ba wurinta ba. Malamanmu na addini sun sha karantar da mu labarin mutumin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Sun kuma karantar da mu yadda Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, bai ɗauki hakan a matsayin gudun ƙaddara ba. Hular kwano da birki mai kyau su ne igiyar raƙumin wannan zamani.

Kada kuma mu manta, ba ranmu kaɗai ke kan babur ba. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure. Malamin da ya buge yaro a bakin kasuwa saboda yana sauri, ko da iyayen sun yafe, zai rayu da abin a zuciyarsa har ya koma ga Allah.

'Ya'yanmu da matanmu

Ku tsaya a ƙofar kowace makaranta da ƙarfe bakwai da rabi ku ga abin mamaki. Babur guda, yaro a kan tanki, uku a baya, na ƙarshe rabin jikinsa a kan kariya, jakunkuna na reto. Mai tuƙin ma wani lokaci yayansu ne da bai wuce shekara 13 ba, ƙafarsa ba ta kai ƙasa sai ya karkata. Doka ba ta ba da lasisin tuƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ba don mugunta aka yi haka ba. Yaro yana iya koyon sarrafa babur cikin kwana biyu, amma auna nisan mota da saurinta, da danne zuciya idan aboki ya wuce shi, sai shekaru sun kawo.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan lodin da ya wuce kima. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aka rasa rayuka masu yawa, galibinsu ɗaliban Islamiyya. Duk jihar ta girgiza domin abin ya faru a yini guda. Babur yana yi mana irin wannan ɓarna, sai dai ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, shi ya sa ba a jin ƙararsa.

Ga 'yan'uwanmu malamai mata da matan gidajenmu, akwai haɗari na musamman. Dogon hijabi da gefen zane ko abaya suna shiga cikin kaca ko wayoyin tayar baya, su fizgo mace ta faɗo ta baya, wani lokaci su shaƙe wuya. Kafin babur ya tashi, a tattare tufafi a danne a cinya. Zaman gefe guda, ƙafafu biyu a ɓangare ɗaya, yana sa faɗuwa ta zo da sauƙi, don haka mai goyon mace ya rage gudu ƙwarai, musamman in tana da goyo ko juna biyu. Kuma Malama tana da cikakken haƙƙin ta ce wa ɗan acaɓa ya sassauta, in ya ƙi ta sauka. Wanda idanunsa suka nuna ya sha wani abu, ba a hawa bayansa ko kyauta ne.

Sai wasan ganganci da samari ke yi da babura a rakiyar ango da ranakun sallah, ana ɗaga taya, ana sakin hannu, 'yan kallo na tafi. Yawancin masu wannan wasa sun zauna a gabanmu a aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma da wane baki malami zai yi wa ɗalibi faɗa, in ɗalibin ya gan shi da safe yana tuƙi da hannu ɗaya, waya a kunne?

Idan abin ya riga ya faru

Rayuka da yawa ba a wurin karo ake rasa su ba, a hannun masu taimako ake rasa su. Jama'armu akwai tausayi, nan da nan za a taru, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, a naɗe mutum a cusa shi a mota. In ƙashin wuya ko na baya ya taɓu, wannan ɗaukar ce ke tsinka laka, mutum ya shanye har abada. Wanda ya faɗi, a tsare hanya tukuna kada wata mota ta ƙara. A riƙe kansa da wuyansa a miƙe, a ɗauke shi a kan wani abu mai faɗi kamar ƙyaure ko benci. Kada a fizge masa hular kwano sai in numfashinsa ya tsaya. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a ɗura masa ruwa. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura ita ce 122, ya kamata ta kasance a wayar kowane malami. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa.

Wanda ya bugu a ka ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, a sa masa ido kwana guda. In ya fara amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko barci mai nauyi, ko magana ta rikice, to jini ne ke taruwa a ciki, a garzaya da shi asibiti ko tsakar dare ne. Game da karaya kuwa, ba na raina masu ɗorin gargajiya, sun daɗe suna yi wa jama'a hidima. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ke kusa da gaɓa, ko wadda yatsu suka fara sanyi da baƙi bayan an ɗaure, ba tasu ba ce. Ɗauri mai tsanani yana hana jini gudu, nama ya ruɓe, a ƙare da yanke ƙafa. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, kuma daga Bichi ko Ɗambatta tafiyar ba ta fi ƙarfinmu ba. A ɗauki hoto tukuna, a san irin karayar.

Abin da nake roƙon reshenmu

Na farko, ƙungiyar adashi da taimakon juna ta malamai ta sayo hular kwano mai inganci da riga mai ƙyalli a kan sari, a raba wa mambobi, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan a wata uku ko huɗu. Muna yin haka da shinkafa da azumi, muna yi da taki da damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sarin hula ɗari biyu ya fi sayen ɗaya sauƙi.

Na biyu, shugabanninmu su binciki matsayinmu a ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke kula da ita. Dokar ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, kuma ta ɗauki haɗarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki a matsayin abin da ake biyan diyya a kansa. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kuɗin, ba ma'aikaci ba. Reshe ya rubuta takarda ya nemi amsa a rubuce: shin malaman firamare da na sakandare suna cikin rajista? In suna ciki, wace hanya iyalin mamaci za su bi? In ba sa ciki, wannan buƙata ce da ta cancanci zama kusa da maganar albashi. Haka kuma a bayyana wa mambobi abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha yake ɗauka da abin da ba ya ɗauka idan haɗari ya auku.

Na uku, a riƙa duba nisa wajen canjin wurin aiki. Kowane kilomita da aka ƙara wa malami, an ƙara masa rabonsa na haɗari, an kuma ƙara masa kuɗin mai. Haka nan tarurruka da tantancewa da ake kira a hedikwata, a fara su da wuri a gama da wuri, domin kada a sallami mutane da magariba su kama hanyar ƙauye cikin duhu. Shugabannin makarantu su ma su sani, tsoron jan layi a rajistar zuwa aiki yana cikin abin da ke sa malami gudu. A tsare lokaci, amma wanda ruwan sama ko hazo ya tsayar, a karɓi uzurinsa.

Na huɗu, makarantun da ke bakin manyan tituna su haɗa kai da kwamitocin iyaye da masu unguwanni da dagatai, a nemi ƙananan hukumomi da hukumomin hanya su sa alamu da tudun rage gudu na ƙa'ida, wanda aka shafa wa fenti ana hango shi daga nesa. Tudun da matasa ke ginawa cikin fushi bayan an buge yaro, babu alama babu fenti, shi kansa yana kayar da masu babur da dare.

Na biyar, a gayyaci jami'an kiyaye haɗura da ma'aikatan lafiya su zo taron reshe, ko sau ɗaya a zango, su koyar da mu taimakon farko, mu kuma mu kai wa ɗalibai a taron safe. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, ta dace da irin wannan. A gayyaci shugabannin 'yan acaɓa su ma, domin su ne ke ɗaukar matanmu da 'ya'yanmu, kuma da yawansu ɗalibanmu ne na jiya. In Malam ya yi magana za su ji.

Na ƙarshe, sakataren reshe ya buɗe littafi. Duk mamban da haɗari ya sama, a rubuta rana da wuri da lokaci da abin da ya jawo. Bayan shekara guda za mu san mahaɗar da ta fi cin mutane da lokacin da ya fi muni, kuma idan muka je gaban hukuma za mu je da hujja a hannu.

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai abin da ba ya jiran kowa. Gobe da safe, kafin ka tayar da babur, taka birkin gaba da na baya, duba iskar taya, kunna fitila ka bar ta a kunne ko da rana ne, mayar da madubin da ka cire. In kana da hula, sa ta ka ɗaure. Gwamnati tana iya ɗaukar wani malami ta cike gurbinka cikin wata guda. 'Ya'yanka ba su da inda za su samo wani uban. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka rasu a kan hanya, Ya ba waɗanda ke kwance lafiya, Ya kai mu wuraren aikinmu lafiya Ya dawo da mu ga iyalanmu lafiya. Amin.